Kira Biyu Daga Daji

Akwai ranar da ko na so in manta da ita ba za ta mantu ba, wata Alhamis cikin tsakiyar damina, a Birnin Gwari. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan, kuke zaune cikin sanyin ofis kuna danna maɓalli abu ya canja a garin da ba ku taɓa takawa ba, gara ku ji labarin daga bakina tun masu ƙara gishiri ba su riga ni ba.

A lokacin ina riƙe da muƙamin babbar injiniya mai kula da canje-canje, wato mataki ɗaya ƙasa da shugaban sashenmu, Injiniya Haruna. Aikin kamfanin shi ne haɗa ƙananan asibitoci da makarantun karkara da intanet. Cibiyarmu tana Kaduna, ɗakin nan mai sanyi da manyan kwamfutoci ke jere a ciki. Su ke ajiye bayanan marasa lafiya, kuma ta cikinsu ma'aikaciyar jinya da ke ƙauye take samun likita a waya. A kowane ƙauye muna da dogon ƙarfe irin na sabis ɗin waya, da faifan sola, da akwatin na'ura guda mai karɓar saƙo yana miƙawa.

Ga wanda ba ɗan sana'a ba, bari in warware. Kowace na'ura tana da saiti, wato umarnin da aka rubuta mata: ta wace hanya za ta bi ta iske Kaduna, wa za ta buɗe wa ƙofa, wa za ta hana. A da da hannu ake yi, ɗaya bayan ɗaya, kowa da irin rubutunsa, in mutum ya bar aiki ya tafi da sirrin na'urorinsa a ka. Sai muka kawo manhaja wadda ke riƙe da saiti guda na asali a cibiya. Tana zagayawa tana leƙa kowace na'ura, duk inda ta ga an kauce wa asalin sai ta gyara, ba sallama ba tambaya. 'Yan ofis suka sa mata suna Dubagari, sunan kuwa ya bi ta har yau.

Ba a taɓa saitin asali da ka. Mai son canji zai rubuta abin da yake so da dalilinsa, wani ya duba, kwamitin canji ya zauna ranar Talata ya amince, sannan a sa rana da lokaci. Akwai kuma abin da na kafe a kansa tun farko, har ana ce mini mai taurin kai, shi ne wa'adin komawa. Idan Dubagari ta ba na'ura sabon saiti, na'urar ba ta jefar da tsohon. Tana sa sabon ne na gwaji, tana jiran cibiya ta kira ta ta ce, na ji ki, zauna a haka. In wa'adin ya cika, wanda bai kai awa guda ba, ba ta ji daga cibiya ba, sai ta tuɓe sabon ta koma tsohon da kanta. Yana jinkirta aiki, ban musa ba, kuma an sha yi mini tsaki a kansa.

Na'urorin yankin Birnin Gwari su ne na ƙarshe da muka miƙa wa Dubagari, domin tsofaffi ne, kuma kowa ya san hanyar can ba ta yawon shan iska ba ce. Saboda haka aka ce in je da kaina in zauna har a gama. Ofishinmu na can ɗaki ne guda a unguwar Magajin Gari, bai fi shagon tela ba, da teburi da janareta mai tari. Mai riƙe da shi Sanusi, ma'aikacinmu na fili, ɗan garin. Shi ke hawa ƙarfe, shi ke wanke faifan sola, shi ke canja batir. Siriri ne, bakinsa ba ya hutawa da tsokana. Hajiya Kwamiti yake ce mini, wai ko ruwa zan sha sai an zauna ranar Talata. Ni kuma ina ce masa Sarkin Gaggawa, domin tun ba ka rufe baki ba ya tayar da babur.

Na taɓa bin sa daji sau ɗaya, shekarar da muka kafa akwati a wani ƙauye ta wajen Kutemeshi, kuma sai na gaya muku yadda ake wannan tafiya, in ba haka ba ba za ku gane sauran ba. Kafin mu tashi ya ce in ajiye katin aiki da babbar wayata, in sa tsohon hijabi. Na hau shi da faɗa, na ce ni ba ɓarauniya ba ce da zan ɓoye ko ni wace ce. Ya ce, "Hajiya, in mutanen daji suka tare hanya, waya suke fara dubawa. Mai babbar waya da katin kamfani ba ya dawowa da wuri." Na ajiye. Shi kansa 'yar ƙaramar waya mai tocila ya ɗauka, a kashe, ya cusa cikin safa. Lambarta mutanen gidansu kaɗai suka sani.

Ba a shiga ɗai-ɗai. Masu babura kan jira juna a bakin gari su tafi a ayari. Can gaba, inda gonaki suka ƙare itatuwa suka fara haɗe kai, akwai wani tudu, nan ne sabis na ƙarshe. Ba wanda ya ce a tsaya, amma duk ayarin ya tsaya. Kowa ya ciro waya, ya ɗan juya baya, ya kira gida. Maganar ba ta da tsawo: "Na shiga." Shi ke nan, a kashe waya a hau. In an isa ƙauyen babu sabis ko na wane kamfani, sai wayar asibiti mai aiki ta akwatinmu. Ita ma'aikaciyar jinyar, Malama Ladi, take ba mutane ɗaya bayan ɗaya su ce wa gida, "Na iso."

To, mu dawo ranar Alhamis. Da yammacin Laraba na iso garin. Da safe na ce wa Sanusi yau bayan Azahar za a fara sakin Dubagari a kan na'urorinsa, ya ce Allah ya ba da sa'a, ya ɗauki jarka ya tafi neman man janareta, ya ce daga can zai biya gida ya ci abinci. Na yi salla, na buɗe laftof, ina kallon allon da ke nuna kowace na'ura da ɗigo, kore lafiya, ja matsala. Injiniya Haruna ya saki manhajar daga Kaduna. Ɗigo ya riƙa ƙiftawa yana komawa kore, ɗaya bayan ɗaya. Da aka zo kan na ƙauyen nan na su Malama Ladi, ya ƙifta, ya yi ja, ya zauna daram.

Na buɗe bayanin abin da Dubagari ta goge, nan take na ga dalili. A farkon daminar iska ta karkatar da ƙarfen da akwatin yake kallo. Sanusi ya je ya juya shi wajen wani ƙarfen, ya ƙara 'yan layuka da hannu don saƙo ya bi sabuwar hanya. Mutum yana saman ƙarfe ruwa na dukansa, wane kwamiti zai kira? Asibiti ya dawo, kowa ya sa masa albarka, amma gyaran bai shiga saitin asali ba, kwafin da kwamiti ya duba kuwa na ranar da aka kafa akwatin ne. Dubagari ta zo ta ga layin da ba ta sani ba, ta share shi tas, ta ce wa akwatin ya nemi Kaduna ta hanyar da ta daɗe da mutuwa.

Wallahi ko gezau ban yi ba. Na ce to, yau ga ranar wa'adin komawa, masu tsaki su zo su gani. Har na zuba shayi daga filas. Sai na ce bari in kira Sarkin Gaggawa in tsokane shi, in ce Dubagari ta kama shi dumu-dumu.

Waya ta yi ta ƙara, can sai muryar tsohuwa ta ce, "Salamu alaikum, wa ke magana?"

"Inna, ina wuni? Rukayya ce, ta wurin aikin Sanusi. Yana kusa?"

"Ai ya fita, 'yar nan. Yana cikin cin abinci abin nan ya yi ƙara, ya duba, ya miƙe. Ya tuɓe rigar aiki ya sa ta gona, ya bar mini wannan ya ɗauki ƙaramar."

Rigar gona da ƙaramar waya, ban buƙaci a gaya mini inda ya nufa ba.

A nan ne tsarinmu yake da rami, ku saurara da kyau. Manhajar tana aika saƙo iri biyu ga ma'aikatan fili. Na farko sanarwar canji, doguwa da Turanci, kullum tana zuwa, har da ta na'urorin wata jiha. Can ƙasanta aka rubuta maganar wa'adin komawa, inda ba idon da ke kaiwa. Ba wanda ya taɓa zama ya yi wa 'yan fili bayaninsa baki da baki, a ganin cibiya wannan maganar cikin gida ce. Na biyu ƙararrawa, gajeriya: wuri kaza ya mutu. Wannan kuwa ko barci suke sai sun tashi. Ƙararrawar ba ta san ana canji ba, ba ta san da wani wa'adi ba. Su kuma 'yan fili abin alfaharinsu ke nan, ba sa jiran a ce musu je ka. Ga shi ranar kasuwa, ayarin masu komawa ƙauyuka yana tashi bayan Azahar, ya san in ya kuskure shi ya kuskure ke nan.

Na suri laftof a buɗe, na fito na tari ɗan acaɓa, na ce gidan su Sanusi mai hawa ƙarfe. Ya san gidan, kowa ya san shi. A kan babur na kira Injiniya Haruna.

"Yallaɓai, Sanusi ya kama hanyar daji."

"Subhanallahi. To, tunda ya riga ya tafi, ko a bar shi ya isa? In akwatin bai dawo ba dama shi za a tura."

"A bar shi ya isa? Yallaɓai, masara ta fi mutum tsayi, ciyawa ta rufe hanya, ko mutum na tsaye gabanka ba ka ganinsa. A ce ɗan mutane ya shiga dajin nan saboda abin da zai gyara kansa kafin La'asar? In akwatin bai dawo ba ya kwana a mace, gobe a nemi rakiyar jami'an tsaro!"

Har ɗan acaɓar sai da ya waiwayo. Ban taɓa ɗaga wa Injiniya Haruna murya ba sai ranar, kuma ina ba shi girmansa, bai riƙe ni ba. Ya ce, "Kin yi gaskiya, bakina ne ya riga tunanina. Me kike so in yi daga nan?" Na ce kada kowa ya taɓa komai, kowa ya ɗauke hannunsa daga kan kwamfuta.

Na iske Inna Asabe, mahaifiyar Sanusi, zaune a kan tabarma ƙarƙashin rumfa tana tsinke zogale a faifai. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, mai tsaga a kumatu. Ga kwanon abincinsa nan a gefe an rufe da murfi, ga babbar wayarsa a kai. Ko gaisuwar kirki ban yi ba na ce ta ba ni lambar ƙaramar. Ta miƙo mini tata wayar, na kira, a kashe. Na sake kira, a kashe.

"Ba zai kunna ba sai a tudu," in ji ta. "Ni yake kira. Zauna, 'yar nan, tsayuwa ba za ta kawo shi ba."

Na zauna, na ɗora laftof a cinya. Ita ta ajiye wayarta a kan tabarma tsakaninmu, ta ci gaba da tsinke zogalenta. Na yi mata bayani iya yadda zan iya, na ce akwatin da ɗanta ya tafi gyarawa an koya masa ya gyara kansa, in ya ga ya ɓata hanya yana komawa inda ya sani.

"Wato ba sai an je ba."

"Haka muka tsara shi, Inna."

"Kun taɓa ganin ya yi?"

A Kaduna mun gwada sau ba adadi, a sababbin na'urori. Wannan tsohon akwatin da rana da ruwa suka daka, ba mu taɓa ba. Na gaya mata haka. Ta gyaɗa kai kawai.

Ban san zaman da ya kai wannan tsawo ba. Ni ina kallon jan ɗigo, ita tana kallon waya ta wutsiyar ido. Hadari ya fara haɗowa daga gabas, kaji na ta tono kusa da ƙafarmu. Na lura hannunta bai daina aiki ba, amma sanda ɗaya take ta tsinkewa wadda ganyenta ya riga ya ƙare. Ina ta addu'a a zuci akwatin ya riga Sanusi kira, don in sami abin da zan nuna masa.

Bai riga shi ba. Wayar Inna ce ta fara ƙara.

Ta danna, ta sa a bayyane yadda ni ma zan ji. Ga ƙarar babura, ga hayaniyar maza. "Inna, na shi..."

"Dakata. Ga uwar ɗakinka."

"Sanusi, Rukayya ce. Kada ka wuce tudun nan. Akwatin zai dawo da kansa."

"Hajiya? Me ya kai ki gidanmu?" Har ya ɗan yi dariya. "Akwatin da Dubagari ta kashe ne zai tashi da kansa? Haba Hajiya. Na san abin da ta goge, layina ne. In ban je na mayar ba, ba mai mayarwa."

Na yi masa bayanin wa'adin komawa da sauri. Ya saurara, sannan ya yi mini tambayar da uwarsa ta yi, kamar sun haɗa baki. Na ba shi amsar da na ba ta, ban taɓa gani a wannan akwatin ba.

"To kin gani. Hajiya, jiya Malama Ladi ta ce mini akwai mai ciki da suke sa wa ido, jininta na hawa. In abu ya ɓaci, da me za su kira mota? Ga mutanen nan da muke tare, in sun isa da me za su ce wa gida sun iso?"

Daga bayansa na ji wani yana cewa, "Sanusi, mu je mana, ga hadari nan!"

Na ce, "Ka ba ni har wa'adin ya cika. Saura kaɗan."

"Ayari ba zai jira ba. In sun tafi kuma ni kaɗai ba zan shiga ba, kin sani."

Na sani sarai. In ya tsaya akwatin bai dawo ba, asibitin nan zai kwana ba waya, a kan maganata. In ya wuce akwatin ya dawo, ya shiga dajin nan a banza, kuma ba mai iya kiransa ya juyo.

Inna ta ajiye faifai ta ɗauki wayar. Na zaci kuka za ta yi ko faɗa. Ko ɗaya.

"Sanusi."

"Na'am, Inna."

"Matar nan ta baro ofis ta zo har ɗakina, mayafinta a karkace. Na tambaye ta, ba ta yi mini ƙarya ba, ta ce ba ta taɓa gani ba. Kai ma ba ta yi maka ba. Kashe mashin ɗin."

"Inna, asibitin fa..."

"Ban ce ka dawo ba. Na ce ka kashe mashin."

Sai muka ji ƙarar da ke kusa da wayar ta mutu. Sauran baburan suka tashi gaba ɗaya, ƙararsu ta yi ta raguwa har ta ɓace, ba abin da ya saura sai iska tana busa wayar.

"Sun tafi," in ji shi, ba dariya a muryarsa. "Ga ni nan, daga ni sai wani Bafulatani da shanunsa. Ya ce in matso ƙarƙashin itace ruwa na zuwa."

Na ce kada ya kashe wayar. Muka zauna mu uku, biyu a tabarma ɗaya a tudu. A lissafina wa'adin ya cika. Ɗigo ja. Na sabunta allon, ja. Zufa ta jiƙa mini baya duk da iskar hadari. Na fara shirya abin da zan ce wa Malama Ladi gobe, da abin da zan ce wa kwamiti, da abin da zan ce wa kaina in wani abu ya sami matar nan mai ciki. Abin da ban sa a lissafi ba shi ne, tsohon akwati in ya koma tsohon saiti sai ya mutu gaba ɗaya ya sake tashi, kuma tashinsa na tsofaffi ne, sai ya dafa nan ya dafa can.

Ɗigon ya ƙifta. Ya sake ƙiftawa, ya yi kore.

Ihun da na yi, kajin nan sai da suka watse. Inna ta ce, "Lafiya?" Na ce, "Ya kira, Inna! Akwatin ya kira!" Sanusi daga can yana cewa, "Hajiya, ki rantse." Na ce ba zan rantse ba, ka ji da kunnenka. Na kira wayar asibitin da tawa, na kara ta da ta Inna. Malama Ladi ta ɗauka da muryarta ta kullum, ta ce lafiya lau, me ya faru? Na ce wayarku ta ɗauke ɗazu. Ta ce, "Au, ni na ɗauka hadari ne." Mai cikin kuwa wai ga ta can a baranda tana cin gasasshiyar masara.

Sanusi ya fashe da dariya har yana tari. Ni kuwa hawaye na zuba ina dariya kamar wadda ta zare. Alhamdulillahi na yi ta maimaitawa, ban san iyaka ba. Inna ta ce a wayar, "To, yanzu ka dawo," ta kashe, ta jawo faifanta.

Ana kiran La'asar ya shigo, jiƙe sharkaf, ruwa ya kama shi a hanya. Inna ko ɗaga kai ba ta yi sosai ba, ta ce, "Ga abincinka nan ya huce." Ni ce na sauke masa kwandon faɗa. Na ce don me ba ka kira ni ba kafin ka hau babur, ina zaune a ofishinka? Ya ce, "Hajiya, da na kira ki ai cewa za ki yi a jira Talata." Na ɗaga takalmi, ya ɓuya bayan uwarsa. Muna nan Malama Ladi ta sake kira ta ce ayarin ya isa lafiya, suna layi a bakin waya. Wataƙila da ya bi su shi ma lafiya zai isa ya dawo. Ban sani ba, kuma ban taɓa son in sani ba.

Da na koma Kaduna muka shigar da layukan Sanusi cikin saitin asali, da sunansa a kai. Kwamiti ya amince da abubuwan da na kawo ba gardama, Injiniya Haruna ne ma ya fara ɗaga hannu. Ƙararrawa ta daina tashi a wayar ɗan fili muddin ana cikin wa'adin canji. Gyaran da aka yi da hannu a saman ƙarfe, ɗan fili ya kira ya faɗa da baki, mu a cibiya mu rubuta, ba laifi ba tuhuma. Sannan babbar, wadda na san wasunku na ƙorafi a kanta: ba a sakin Dubagari a kan na'urar da ke bayan daji sai an kira mutumin wurin, an ji muryarsa, an gaya masa da Hausa abin da za a yi da abin da zai gani, ya ce ya ji, kuma an san inda yake zaune.

Amma abin da ya sa ba na sassauta wannan doka ko ga wa, ba jan ɗigon ba ne. Da zan tafi ranar, Inna Asabe ta rako ni har zaure, abin da aka ce ba ta yi wa kowa. Ta riƙe hannuna, ta waiwaya ta tabbata Sanusi ba ya ji, ta ce, "Yayansa, babban ɗana, shi ma a tudun nan ya kira ni. Buhunan masara ya tafi ɗaukowa. Ya ce, Inna, na shiga. Na ce Allah ya tsare." Ta gyara ɗaurin zanenta. "Har yau ban ji ya ce ya iso ba. Shi ya sa ba na canja layin wayar nan."

Sai na durƙusa a zauren nan na riƙe hannunta da hannu biyu.

Sana'ar nan tamu tana koya wa mutum ya yarda cewa komai yana da kwafi, duk abin da ya ɓaci ana iya mayar da shi yadda yake jiya. Gaskiya ne a kan na'ura, kuma ku gode wa Allah da wa'adin komawa, ni shaida ce yana aiki. Amma duk ɗigon da kuka gani a allon nan akwai mutum a bayansa mai babur, wanda in ya ga ja zai tashi ya bar abincinsa, akwai kuma wadda za ta zauna da waya a tabarma tana jira. Na yi shekaru ina rubuta hanyar dawo da na'ura in ta ɓata. Wanda ya wuce tudun nan kuwa, ban san maɓallin da ke dawo da shi ba. Saboda haka kafin ku danna, ku ɗauki waya ku kira shi.